Naman da Muka Binne da Wanda Muka Kai Yamai

Sunana Balkisa, a Matamaye aka haife ni. Duk unguwarmu an san ba ni da haƙuri, don haka ba zan yi ta kewaye-kewaye ba. In likita ya yanke wani abu daga jikin naku ya miƙo muku a kwalba, kada ku binne shi sai an auna. Mu mun binne, kuma ni na jawo. Na rubuta wannan ne yanzu da Inna ta miƙe, don kada wata ta maimaita wautar da na yi.

Inna, mahaifiyata, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take yi tun kafin a haife ni. Baba kuwa da an kawar da amfanin gona sai Kano, yana tura baron rake, ba ya dawowa sai an ga hadari. Saboda haka duk abin da ya taso da rani mu uku ne a kansa: ni, da Inna, da yayanta Kawu Malam Sale, mai limanci a masallacin unguwarmu.

Abin ya fara da ɗan ƙullutu a nononta na hagu, bai fi ƙwallon dabino ba. Ba zafi, ba ƙaiƙayi. Wata huɗu tana ɓoyewa. Ni ma don na kama ta tana tattaɓawa a bayan ɗaki ne ta nuna mini. Da maganar ta fita, Gwaggo, ƙanwar Baba, ta zo daga Dawce da ƙullin saiwa, ta ce kada a yarda ƙarfe ya taɓa wurin, irin wannan in ya ji ƙarfe haukacewa yake yi. Aka shafa, aka sha, aka yi hayaƙi. Ƙullutu na nan daram. Na tsaya a kan Inna da masifa har ta gaji ta yarda muka tafi Damagaram, wani ƙaramin gidan likita mai zaman kansa, aka cire shi rana ɗaya.

Ga inda na yi ɓarnar. Bayan an fito da ita, majo, wato babban ma'aikacin jinya na wurin, ya kira ni gefe don ya ga ni ce mai jin Faransanci. Ya ba ni ƴar kwalba, abin yana ciki a wani ruwa, kamar tsokar kaza. Ya ce a kai Yamai a yi masa "anapat". Na ce mene ne kuma haka? Ya ce awon naman ne, a san ko wane iri ne. Na ce kwana nawa? Ya ce zai iya kai wata. A lokacin saura sati uku in zauna jarrabawar bak, ta gama lise, wato sakandare. Na leƙa ɗaki na ga Inna zaune tana shan fura, tana dariya da wata mata. Na ce a raina, abin da aka riga aka cire, me kuma za a auna? Yamai ba nan kusa ba, Baba ba ya gari, abin hannunmu ya ƙare a aikin.

Kawu ya ce, "Me ya ce miki?"

Na ce, "Ya ce an gama, mu tafi gida."

Kawu ya karɓi kwalbar da hannu biyu. Da muka iso ya naɗe ta a farin ƙyalle, ya haƙa rami a bayan ɗakin Inna, inda aka binne mabiyiyar kowane ɗa na gidan, ya yi bisimilla ya rufe. Har gobe ban ga laifinsa ba. Abin da ya sani ke nan, jikin ɗan Adam ba a yar da shi a juji, ko da yatsa ne. Da ya ji abin da majo ya faɗa ban san me zai yi ba, amma bai ji ba. Ni na ji. Bak ɗin ma ban ci ba.

Bayan wata goma abin ya dawo, a gefen tabon, ya fi na da girma da tauri. Fatar wurin ta yi kamar ɓawon lemo, ga kaluluwa a hamata. Wannan karon Inna ba ta ɓoye ba, don hannun ya fara yi mata nauyi in tana matsar tunkuza.

Muka nufi wani asibiti mafi girma a Damagaram. Bari in yi ƙorafina a nan in huta. Sau uku muna barin Matamaye da asuba, mu isa mu tarar da layi har bakin ƙofa. Ranar farko aka ce mu yanki kati mu dawo. Ta biyu aka ce likita tana ɗakin fiɗa, sai wani satin. Benci bai isa ba, mata masu ciwo zaune a ƙasa, kuma ba mai gaya maka komai sai ka ɗaga murya. Ni kuwa ɗaga murya bai taɓa yi mini wuya ba.

A zuwa na uku muka ga likita. Mace ce gajera mai tabarau, Hausarta ta mutanen Tawa. Ta duba Inna a natse, ta jira ta mayar da riga, ta sa aka kira Kawu daga waje, sannan ta ce, "Mama, an taɓa yi miki aiki a nan. Ina takardar anapat ɗin?"

Inna ta dube ni. Kawu ma ya dube ni.

Ni ban iya riƙe magana ba, ko da ni za ta cuta. Na ce, "Babu takarda. An ce mini a kai Yamai, ban gaya wa kowa ba. Mun binne."

Likita ta cire tabarau ta ajiye a tebur. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce, "Ba ku ne farko ba," ta ci gaba da rubutu.

Muka shiga mota. Muka wuce Tirmini, muka wuce Takeita, ni ina ta jiran zagi. Sai da muka zo Kance ta yi magana, idonta a kan taga. "Da kin faɗa, ni ma cewa zan yi a binne. Wa zai je Yamai don ƴar tsoka? Amma da ni na ce, ba ke ba. Jikina ne, Balki." Iyakar abin da ta taɓa faɗa ke nan a kan maganar. Da duka ta yi mini da ya fi sauƙi.

Sati na gaba aka ɗebi ɗan abu daga ƙullutun da allura aka duba. Daji ne. Likita ta ce sai an cire nonon duka, da kaluluwar hamata. Aka yi wa Baba waya ya bar baronsa ya taho. Gwaggo ta sake zuwa ta ce ai ta faɗa, ƙarfen farko ne ya tayar da shi. Na ce, "Gwaggo, saiwarki ma wata biyu muka yi muna sha." Baba ya kore ni daga ɗakin. Kuɗi ba zan lissafa muku ba, farashi canzawa yake yi. Ku dai sani raken fadamar Baba tun yana tsaye aka sayar da shi, kuma maza uku na unguwarmu sun bi mu har asibiti sun ba da jini ba tare da an roƙe su sau biyu ba.

Ana gobe za a yi aikin, likita ta zaunar da mu. Kawu ba ya nan, ya koma Matamaye jana'iza. Da Hausa ta yi magana, kuma Inna take kallo, ba ni ba.

"Mama, ciwon nan sunansa ɗaya amma halinsa ba ɗaya ba. Wani mai gudu ne, wani mai rarrafe. Wani yana da abincin da yake ci a jikin mace, in mun gane sai mu hana shi da ƙwaya. Wani kuma ba ya jin wannan ƙwayar ko kaɗan. Da idona da hannuna ba zan iya bambancewa ba. Naman ne zai faɗa. In bai isa Yamai lafiya ba, a makance zan ba ki magani."

A makance. Kalmar nan ta zauna mini a ƙirji.

Sannan ta juyo gare ni. "Ke mai Faransanci, saurara." Ta ce za a sa shi a wani ruwan magani mai suna formol. Kada a buɗe, kada a ƙara ruwa, kada a kwantar da shi har ruwan ya tsiyaye, kuma ko kusa kada a sa a ƙanƙara. Ya isa hannun masu awo cikin kwana biyu, in ya yi yawa uku. In ya daɗe a ruwan, awon abincin nan ba ya fitowa daidai.

Ran Laraba aka yi aikin. Wajen azahar aka fito da Inna, sannan wata ma'aikaciya ta miƙo mini farin bokitin roba mai murfi, an liƙe bakinsa da filasta, an rubuta sunan Inna a jiki. Ya fi yadda na zata nauyi. Ina riƙe da shi a baranda sai ga Kawu, ya taho daga Matamaye da sabon farin yadi a hamata.

Ya ce, "Kawo nan."

Na ce, "Ba zan bayar ba."

"Balkisa, wancan ƴar tsoka ce. Wannan gaɓa ce guda, da shi ta shayar da ku. Ba za a ɗauki jikin ƙanwata a jefa ƙarƙashin mota tare da buhunan albasa ba, a kai wa waɗanda ban sani ba su yayyanka su zubar."

Na ce, "Kawu, kun binne ɗaya, ga inda ya kai mu. In binnewa kuke so ku ɗan jira, in ta mutu sai ku haɗa duka."

Allah ya yafe mini. A gaban mutane na faɗa, ga Baba tsaye. Baba ya ɗaga hannu, Kawu ya riƙe shi. Ya ce a hankali, "Ni na binne, gaskiya ne. Wa ya ce mini an gama?"

Hayaniyarmu ce ta fito da likita. Kawu ya ce, "Likita, tambaya ɗaya gare ni. In an auna, kwana zai ƙaru?"

Ta ce, "Kwana na Allah ne, Malam. Amma maganin da zan ba ta zai canza." Ta tsaya nan a baranda, ga gajiya a fuskarta, ta maimaita masa duk abin da ta faɗa mana jiya, ba ta rage komai ba. Sannan ya ce, "To ba ni ke da magana ba, ba kuma yarinyar nan ba. A jira mai jikin ta farka."

Bayan la'asar ta farka, leɓenta a bushe. Kawu ya durƙusa gefen gadon ya gaya mata yadda ake ciki. Ta ce, "Yaya Malam, ku kai. Ni dai kada a bar shi hannun Balki ita kaɗai. Za ta yi faɗa da direba a sauke ta a daji."

Kawu ya ce, "Ni zan kai."

Na ce, "Ai ba ku jin Faransanci."

Ya ce, "Ke da kike ji, mun ga amfaninsa."

Haka aka yi muka tafi mu biyu, Baba ya zauna da Inna. Da yamma muka sauka gidan wata ƴar'uwar Baba mai sayar da ƙanƙara. Watan zafi ne, ko bango ka taɓa sai ka janye hannu. Matar ta ce, "Nama a wannan zafin? Kawo in sa miki a inji kafin safe." Wallahi har na ɗaga bokitin. Kawu daga kan tabarma ya ce, "An ce ban da ƙanƙara." Ni aka yi wa bayani sau biyu, shi sau ɗaya.

Alhamis da asuba muka shiga babbar motar Yamai. Mai karɓar tikiti ya ce bokiti sai ƙasa, wurin kaya. Na buɗe baki, Kawu ya take mini ƙafa. Ya ce masa, "Ɗana, amana ce. A cinyata za ta zauna, ba za ta tare wa kowa wuri ba." Mutumin ya dubi rawani, ya dubi furfura, ya ƙyale mu. Haka Kawu ya rungume shi, ya lulluɓe da farin yadin nan saboda ranar da ke shigowa ta taga. Wata Hajiya a gefenmu ta ce, "Malam, zuma ce? In ta sayarwa ce a auna mini." Ya ce, "Ba ta sayarwa ba ce, Hajiya." In an tsaya salla sai ya ba ni in riƙe, in ya idar ya karɓa ni ma in yi tawa. Tasawa, Maraɗi, Ƙonni, bai ajiye shi ƙasa ba ko sau ɗaya. Ƙafafunsa suka kumbura har ya cire takalmi.

Tsakanin Dogonduci da Doso motar ta lalace. Wani ƙarfe ne ya karye, aka ce sai an kawo daga Yamai. Nan hankalina ya tashi, don gobe Juma'a, ma'aikata rabin wuni suke yi. In muka rasa ta sai Litinin, kwana biyar ke nan, wahalarmu ta tashi a banza. Na wanke direba tas, kamar yadda Inna ta faɗa. Bai sauke ni ba don ba inda motar za ta. A wani ƙauye na bakin hanya muka kwana. Da gari ya waye babu labarin ƙarfe, sai Kawu ya fita bakin titi da bokitinsa a ƙirji yana ɗaga wa motoci hannu. Wadda ta tsaya motar albasa ce. Na dube shi, ya ce, "Yi mini shiru." Direban ya ji bayani ya ba mu gaba, ya ƙi tsayawa ko shan shayi, kuma da muka sauka ya ƙi karɓar komai. Ko sunansa ban tambaya ba.

Sha ɗaya ta wuce muka isa. Sau biyu ana nuna mana ƙofar da ba ita ba. Wurin biyan kuɗi kuwa layi ya miƙe. Na bar Kawu a baya na ruga ƙofar ɗakin awo na yi ta bugawa. Wani dattijo ya fito da farar riga, na zuba masa Faransanci ba tsayawa. Ya ce da Hausarsa ta Bazabarme, "Ƴata, numfasa. Yaushe aka yanka?" Na ce Laraba da azahar. Ya dubi agogo, ya karɓi bokitin daga hannun Kawu da ya iso a lokacin, ya rubuta lokaci a jiki. Ya ce, "Ku je ku biya daga baya. Nama ba ya jiran layi." Ya shiga ciki, jim kaɗan ya fito ya ce, "Ruwan ya rufe shi, ba a daskarar ba. Zai karantu."

Kawu bai motsa ba. Ya ce, "Malam, me za ku yi masa?" Na zata za a kore mu. Sai mutumin ya ce ya shigo. Ya nuna masa yadda suke ɗiban ƙanana daga ƙullutun, da gefe-gefen da aka yanka, da kowace kaluluwa. Su sa a kaki irin na kyandir, kowane bai kai akwatin ashana ba. Su feƙe shi siriri har ya fi fiffiken fara, su ɗora a gilashi, su rina, su duba a madubin da ke ƙara girman abu. Ya sa masa wani gilashi ya ce ya leƙa. Kawu ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago ya ce, "Subhanallahi. Duk wannan a cikinmu yake?" Sannan ya tambayi ragowar. Mutumin ya ce suna ajiyewa har a gama, in yana so ya rubuta suna ya dawo ya karɓa. Ya rubuta da ajami. Bayan wata biyu ya koma da ƙafarsa ya karɓo ragowar ya binne, ya yi wa Inna abin da yake ganin haƙƙinta ne.

Jiran sakamako sati biyar ya ɗauka. A nan na san jinya. An sallami Inna da ƴar roba a gefen ƙirji tana fitar da ruwa, ni ke zubarwa in auna. Likita ta ce kullum ta tsaya jikin bango ta riƙa hawa da yatsu don kada kafaɗar ta ƙage. Tana kuka ina cewa ƙara, tana zagina ina cewa ƙara. Sati biyu ba ta yarda ta dubi ƙirjinta ba, in ana wanke ciwon sai ta kalli rufin ɗaki. Ranar da ta duba, ta aike ni in sayo auduga ta ɗinka ɗan matashi ta sa a riga. Takarda ta farko ta fito a sati na uku, ta biyun, mai maganar abincin, ita ta ja. Na dami dattijon nan da waya har in ya ɗauka ba ya jiran sallama, sai ya ce, "Matamaye, ba ta fito ba tukuna." Bai taɓa kashe mini waya ba, ni kuwa da ni ce shi da na kashe.

Da ta fito ya turo hotonta a waya. Na karanta sau goma, kowace kalma na iya furtawa, ko ɗaya ban gane ba. Na shiga bincike a waya na tsorata kaina a banza har na kasa cin abinci. Kada ku yi haka. Ku kai wa likita.

Likita ta shimfiɗa takardun biyu ta ce, "Mama, ga abin da naman ya ce. Ba mai gudu ba ne, ba kuma mai rarrafe ba, tsaka-tsaki ne. Gefen da na yanka ya fita tsaf, ban bar saura ba. Kaluluwa goma sha ɗaya na cire, ya shiga biyu. Wannan ne ban so ba, shi zai sa a yi miki shimiyo, ƙarin ruwan nan mai wahalarwa. Amma ga mai daɗin: yana cin abincin nan da na gaya miki, sosai ma. Muna da ƙwayar da za ta bar shi da yunwa."

Inna ta ce, "To zan rayu, Likita?"

Ta ce, "Alkawari ba nawa ba ne. Amma masu irin takardarki da yawa ina ganinsu shekara da shekaru, suna zuwa suna cika mini kunne da labarin jikoki."

Ni kuma na kasa haƙuri. Na ce, "Da an kai na farkon fa?"

Ta ce, "Wataƙila da nonon na nan. Wataƙila da bai kai hamata ba. Wataƙila kuma na farkon ba daji ba ne. Ba wanda zai sani, Balkisa. Ki bar tono." Ina ƙoƙari. Ban ce na bari ba.

Shimiyo sau shida aka yi, duk bayan sati uku, a Yamai. Gashi ya zube, amai kamar hanji zai fita, ba abin da ke zama sai kunun tsamiya. Bayansa aka gasa mata wurin ciwon da na'urar haske, sannan aka fara ƙwayar. A layin ƙarin ruwan muka saba da wata baiwar Allah ƴar Tsauni, sa'ar Inna, ciwo ɗaya, gefe ɗaya. Takardarta ta ce nata mai gudu ne kuma ba ya jin ƙwayar. An yi mata magani mai ƙarfi, bai riƙe ba. Na faɗi wannan don kada ku ce awo kullum albishir ne. Amma ta san gaskiyarta da wuri, ta koma gida ta aurar da autarta tana gani, ta yi sallama da kowa da bakinta. Allah ya jiƙanta. Inna ta je gaisuwa da ɗankwali a kan da ba gashi.

Godiyata tana da yawa, kuma ni ban saba ba, don haka ku yi haƙuri da yadda ta fito. Likitar nan da ta tsaya a baranda ta yi wa tsoho bayani da harshensa. Dattijon da ya karɓi nama kafin takardar biya. Direban albasa. Mutanen da suka ba mu ɗaki a Yamai wata da watanni, ba dangin iya ba na baba. Gwaggo ma, da ta ga gashi ya zube ta bar maganar ƙarfe ta zo ta yi mana wata guda tana daka. Kawu kuwa na je har zaure na durƙusa na ba shi haƙuri a kan maganar baranda. Ya ce ya yafe tun a Maraɗi, amma in na sake zai bar hannun Baba ya sauka. Allah ya biya kowa da abin da ya fi abin da ya bayar, ya tashi kafaɗun waɗanda ke kwance.

Yanzu shekara biyu ke nan Inna na shan ƙwayar, saura uku in ji likita, wataƙila a ƙara. Ba a ce ta warke ba. An ce mu riƙa zuwa duk wata shida, kuma zuwan da muka yi watan jiya ba a ga komai ba. Hannun hagu yakan kumbura, ba a yi mata allura a nan, ba ta ɗaukar nauyi da shi. Ni ke ba ta ƙwayar kowace safiya bayan salla, in tsaya a kanta sai ta haɗiye.

Akwai wani malamin makaranta ɗan Icirnawa da ya gaji da jirana. Sau biyu ina sa a ɗaga maganar auren, ina cewa wa zai kula da maganin Inna. Shekaranjiya na miƙa mata ƙwayar, sai ta karɓe kwalin gaba ɗaya daga hannuna ta tura ƙarƙashin matashinta.

Ta ce, "Ƙwaya ɗaya ce da safe, Balki. Na san hanyar bakina. Kin dame ni haka nan, ki je ki dami wani."

An sa rana bayan girbi. Ta ce za ta yi rawa, kuma kada in kuskura in hana ta.